Gwaggo Ta-Sama da Amsar Sifiri

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga tafireta a wata makarantar sakandare. Ofishinta yana saman bene, can ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ajiye tsintsiya da ofishin shugaban makaranta. Shi ya sa kowa yake kiranta Ta-Sama. Malamai su ce, "Kai wa Ta-Sama." Ɗalibai su ce, "Ta-Sama ta leƙo, ku watse." Har mijinta, direban babbar mota, in yana cikin nishaɗi haka yake kiranta. In ransa a ɓace yake kuwa, sai ta koma "uwar yaran nan".

Karatunta a aji uku ya tsaya. Da bakinta take cewa ba wanda ya cire ta, lissafi ne ya kore ta. Malaminsu ya ba ta maki bakwai cikin ɗari, ita kuma ta bi shi har ɗakin malamai tana tambayarsa inda ya samo bakwan, don ba ta tuna ta rubuta komai ba. Daga nan ta koyi bugun tafireta a wani shago kusa da tasha, inda mutane ke zuwa a buga musu takardar neman aiki da wasiƙar ban haƙuri. Hannunta ya yi sauri har mai shagon ya fara jin haushi. Da makarantar ta nemi mai buga takardu, shi da kansa ya raka ta.

Ofishin ɗan ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da tsohuwar rajista, kabad cike da sitensil na gurza takardun jarrabawa, da wata 'yar kwalbar jan ruwa ta gyaran kuskure mai warin jan farce. Ta taga kana ganin turken wutar lantarki da wayoyinsa. Takardar bugu kuwa a ƙasa ake ajiye ta, a sito, kuma Gwaggo ce ke ɗauko ta ɗauri-ɗauri, ta hau matakala ashirin da biyu, domin masinjan makarantar kullum bayansa na ciwo sai an tashi rabon shayi.

Lokacin jarrabawa malamai suke kawo mata tambayoyinsu da rubutun hannu. Duk cikinsu ba wanda ta tsana kamar na fiziks. Malamin wani dogon dattijo ne da alli har a gira, ana ce masa Malam Bisa-ƙa'ida, saboda ko gaisuwa zai amsa sai ya ce, "Bisa ƙa'ida dai lafiya lau." Tambayoyinsa cike suke da abubuwan da tafireta ba ta san da su ba. Akwai ƙananan lambobi da ke ɗare a kafaɗar goma, waɗanda sai ta murɗa abin naɗe takarda rabin layi kafin ta buga su. Akwai wani harafi mai kama da "u" da ya yi jela, wanda sai ta buga "u" ɗin sannan ta ja masa jelar da biro.

A shekararta ta farko ta buga wata tambaya: caji kulom biyu sau goma mai ɗauke da shida a kafaɗa, an ɗauke shi ya ƙetare bambancin bolt goma sha biyu, a nemo aikin da aka yi. A gaban shidan akwai wani ɗan gajeren layi. Gwaggo ta duba, ta hura, ta kankare da farce, ta yanke hukuncin cewa kashin ƙuda ne. Ta bar shi.

Washegarin jarrabawa sai ga Malam Bisa-ƙa'ida ya hawo bene yana haki, takarda a hannu.

"Malama, ina alamar ragewata?"

"Wace alama, Malam?"

"Wadda ke gaban shida."

"Au, alama ce? Na ɗauka ƙuda ne ya yi aikinsa."

Ya zauna a kan kwalin takardu ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce, "Bisa ƙa'ida, da alamar nan, aikin da aka yi bai wuce ki ɗaga ƙwayar shinkafa ɗaya tsawon yatsa ba. Da kika cire ta, aikin ya isa ya tafasa ruwa jarka uku. Yara arba'in sun tafasa ruwa jiya."

Gwaggo ta ce, "To ai gara wanda ya tafasa ruwa da wanda ya ɗaga shinkafa."

Bai yi dariya ba, amma bai tafi ba. Ita kuma abin ya tsaya mata a rai, cewa ɗan layin da bai kai tsinken ashana ba ya yi wannan ɓarna. Ta ce masa tunda dai ita za ta riƙa buga wannan bala'i duk zango, ya faɗa mata mene ne bolt ɗin nan, don ta san abin da take zagi.

Malam ya fara da yaren littafi. Ta dakatar da shi. Ya sake farawa, ta sake dakatar da shi. Can ya kalli ɗaurin takardar da ta shigo da shi, ya ce, "Daga ina kika ɗauko wannan?"

"Daga sito."

"Matakala nawa?"

"Ashirin da biyu. Gwiwata ce ta ƙirga."

"In kin hawo da ɗauri biyu fa?"

"Wahala ta ninka."

"In da benen hawa biyu ne?"

"Da na bar aikin."

"Bisa ƙa'ida, da wahalar ta sake ninkawa. To ɗaurin takarda shi ne caji. Tsawon benen shi ne bolt. Wahalar da kika sha ita ce aikin. Ki ninka caji da bolt, ki samu aiki. Bolt ɗaya yana nufin kowane kulom na caji an kashe masa jul ɗaya kafin a kai shi can. Batirin motar maigidanki bene ne mai hawa goma sha biyu."

Gwaggo ta ce, "Wannan ne kawai? Wannan ne kuke sa yara suna kuka a kai?"

Ya ce akwai saura. Ta ce ya kawo sauran.

Haka suka yi shekara goma sha tara. Duk zango ya hawo da tambayoyi, ta buga, ta tsare shi da nata. Wata rana ta nuna masa kurciyoyi a kan wayar wuta ta ce me ya sa wuta ba ta kashe su, alhali ta kashe akuyar mai gadi. Ya ce ƙafafun kurciya duka biyu a hawa ɗaya suke, ba inda caji zai gangara. Akuya kuwa ta sa baki a waya, ƙafarta tana ƙasa, ta haɗa sama da ƙasa da jikinta. Gwaggo ta ce, "Allah sarki, ashe matakala ta zama." Tun daga ranar duk wanda ya shiga tsakanin shugaban makaranta da mataimakinsa in suna faɗa, sai ta ce masa ya kiyayi makomar akuya.

Ba ta taɓa buɗe littafin fiziks ba. Amma tambayar da ka buga sau goma sha tara, da amsarta sau goma sha tara, ko ba ka so sai ta zauna maka. Ta kai in Malam ya manta ya rubuta jul a ƙarshen amsa, ita take sa masa. In ya rubuta lambar da ba ta yi mata daidai a ido ba, sai ta aika masinja ya kira shi, shi kuma ya zo ya duba ya ce, "Bisa ƙa'ida, kin yi gaskiya," kamar ana cire masa haƙori.

Da ya yi ritaya, aka kawo wani matashi mai takalmi mai tsini da jaka mai makulli. Cikin mako guda ɗalibai suka sa masa Malam Digiri, don ko alli zai aika a ɗauko sai ya ambaci jami'ar da ya yi. A lokacin ina aji biyar a makarantar, ina zaune a gidan Gwaggo. Kada wani ya ɗauka ina samun sauƙi. Takardun jarrabawa a kabad take kulle su, makullin kuma a ɗaure yake a bakin zaninta. In na matsa kusa da jakarta sai ta ce, "Ke, 'yar nan, hannunki na ƙaiƙayi ne?" Abin da kawai na samu a wurinta shi ne matakala da kurciya da akuya, safe da yamma, har na gaji.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo. Malam Digiri bai wahalar da kansa ba, ya buɗe fayil ɗin tsofaffin tambayoyi ya kwafi guda goma, ya yi amsoshinsa da kansa. Ta bakwai tana cewa: an ɗauki caji maikurokulom biyar daga wuri A zuwa wuri B ta wata karkatacciyar hanya mai tsawon mita uku. A yana kan bolt arba'in, B ma yana kan bolt arba'in. Nawa ne aikin da aka yi?

Tarkon Malam Bisa-ƙa'ida ne, wanda yake ɗanawa duk bayan shekara uku. Gwaggo ta buga shi sau shida. Da ta zo buga takardar amsoshi sai ta ga sabon malami ya ninka biyar da arba'in ya rubuta ɗari biyu. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ɗari biyu dai.

Ta sauka da kanta ta same shi.

"Malam, amsar ta bakwai ɗin nan, a sake dubawa."

Bai ɗago ba. "Akwai kuskuren bugu ne, Madam?"

"Ban buga ba tukuna. Kuskuren tun daga gida ya taho."

Ya ɗago. "Madam, aikinki ki buga abin da aka ba ki. In ina neman shawara a kan fiziks na san inda zan je."

Gwaggo ta ce, "To." Duk wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin ba ta alheri ba ce. Ta koma sama ta buga ɗari biyu, ta ja masa layi biyu a ƙasa don ya fito sosai.

A ajinmu mu talatin da takwas ne. Talatin da biyar suka rubuta ɗari biyu, suka ci. Biyu suka bar wurin fili. Ni kaɗai na rubuta sifiri, aka zabga min jan biro, har da ƙarin bayani a gefe: "Ki daina wasa da karatu." Na kai wa Gwaggo takardar ina hawaye. Ta karanta, ta ninke, ta sa a jaka, ta ce in je in wanke fuskata na yi kama da wadda aka kora daga gidan biki.

Washegari lokacin tara, malamai sun cika ɗakinsu ana shan shayi, shugaban makaranta ma yana ciki. Sai ga Gwaggo ta shigo da ɗaurin takarda a ka, ni ina biye da ita don ta ce in zo in tsaya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. An kayar da yarinya a kan gaskiya."

Malam Digiri ya miƙe. "Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yar ƙaninta ce. Kuma ita ke buga takardun jarrabawa. Ni da ma ina da shakku a kan yadda takardu ke kwana a ofishin nan."

Gwaggo ta sauke takardar daga kanta a hankali.

"Ɗana, tsaya in gane. Kana nufin na saci amsarka na ba ta?"

"Ban ce ba, amma..."

"Da na ba ta amsarka, ai da ta ci. Laifinta kenan, ba ta samu satar ba."

Malamin tarihi ya ƙware da shayi. Shugaba ya ce a yi a hankali, a yi a hankali, wanda shi ne abin da yake faɗa ko gobara ce ta tashi.

Gwaggo ta ɗora ɗaurin takardar a kan teburin da ke bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan tebur A." Ta nuna wani a ƙarshen ɗaki. "Wancan B. Kafinta ɗaya ya yi su, tsawonsu ɗaya. Ko akwai mai musu?" Ba mai musu. Ta ɗauki takardar ta zagaya bayan malamar turanci, ta ratsa tsakanin kujeru, ta kewaye tulun ruwa, ta dire ta a kan B. "To, Malam, hawa nawa na hau da ita?"

"Wannan ba fiziks ba ne, wasan kwaikwayo ne."

"Hawa nawa?"

Malamin lissafi, wanda bai cika magana ba, ya ce daga kusurwa, "Ba ki hau ko ɗaya ba."

"Arba'in a cire arba'in, saura nawa?"

"Sifiri."

"Biyar sau sifiri?"

"Sifiri."

"Allah ya yi maka albarka. Bambanci ake ninkawa, ba tsawon teburin ba. Mita ukun nan kuma an sa ta ne don a ruɗi mai gaggawa. Wanda ya ɗana tarkon ya ce min yara yake kamawa da shi. Bai taɓa faɗa min yana kama manya ba."

Shugaba bai san fiziks ba, kuma ba ya so ya nuna. Ya ce za a kafa kwamiti. Kwamitin ya ƙare a kan masinja, wanda aka ba kuɗin mota ya kai tambayar gidan Malam Bisa-ƙa'ida. Ya dawo bayan azahar da 'yar takarda mai layi ɗaya: "Bisa ƙa'ida, sifiri ne. A gaishe da Ta-Sama."

Aka gyara makin. Mutum talatin da biyar suka rasa maki biyar-biyar, ni na samu biyar, kuma har muka gama makarantar ba wanda ya ƙara ara min ko abin goge fensir. Da na yi wa Gwaggo ƙorafi, ta ce, "Da kin rubuta ɗari biyu kin zauna lafiya da mutane. Wa ya aike ki?"

Malam Digiri ya yi zango guda ba ya hawa bene, sai dai ya aiko. A zango na biyu ya hawo da kansa, ya ajiye tambayoyi a kan tebur, ya tsaya yana kallon taga.

"Mama, in kin ga wani kuskuren bugu, ki sanar da ni."

"Ai ban buga ba tukuna."

"Na sani. Ko da haka."

Ta ja masa kwalin takardu da ƙafa ta ce ya zauna. Daga baya ya zama malamin kirki, har ya daina ambaton jami'a sai sau ɗaya a mako. Ranar da matarsa ta haihu, Gwaggo ya fara zuwa ya faɗa wa kafin shugaban makaranta.

Da kwamfuta ta zo, aka ɗauko wata yarinya mai dogayen farata aka ba ta aikin bugu, Gwaggo kuma aka mayar da ita kula da fayil na shekara biyun da suka rage mata. Ta kalli yadda yarinyar ke danna maɓalli ɗaya sai ƙaramar lamba ta haye kafaɗar goma da kanta, ta ce wannan ba aiki ba ne, shagwaɓa ce. Amma har ta tafi, takardar fiziks ba ta fita sai ta bi ta hannunta.

Bayan ritaya ta yi wata huɗu a gida tana neman wanda za ta yi wa gyara. Ta gyara wa mijinta yadda yake ajiye takalmi, ta gyara wa maƙwabta tarbiyyar yara, har mai gyaran wuta na unguwa ya daina bi ta layinmu. Ranar nan ta ce min in je in yi mata rajistar jarrabawar 'yan waje, fiziks kaɗai. Tana da shekara hamsin da bakwai.

Mijin ya ce, "Uwar yaran nan, me za ki yi da takardar? Aiki za ki nema?"

Ta ce, "So nake in ga ko bakwan nan da aka ba ni ya ƙaru."

Ranar rubutu ta zauna a tsakiyar yara sa'o'in jikokinta. Mai sa ido ya zo ya ce iyaye su jira a waje, ta nuna masa katinta. Ta gama kafin kowa, ta yi zaune tana fifita da takardar tambayoyi.

Ranar gwaji da hannu ce ta tona mata asiri. Aka ajiye mata batirin tocila biyu, da wayoyi, da kwan fitila, da mitar awon bolt, aka ce ta haɗa. Sai Gwaggo ta naɗe hannu a ƙirji. Mu a gida mun san ko dutsen guga ba ta jonawa da kanta, sai ta kira wani, amma mun ɗauka mulki ne. Ashe tsoro ne.

Mai sa ido ya ce, "Mama, lokaci na tafiya."

"Ɗana, zo ka riƙe min wayar nan."

"Doka ta hana. Ai bolt uku ne kawai."

"Na sani. Ɗaya da rabi sau biyu. Tun ba a haife ka ba nake buga shi."

"To ba zai yi miki komai ba."

"Kaina ya sani. Hannuna ne bai yarda ba."

Ta yi minti ashirin tana kallon batir, batir na kallonta. Daga ƙarshe ta cire takalmin robarta ta ɗora ƙafafu a kai, ta naɗe yatsu da gefen mayafi, ta riƙa tura wayoyin da bayan biro tana addu'a a bayyane. Da kwan ya kama, ta yi wata ƙara har yarinyar da ke kusa da ita ta yar da mitarta. Amma allurar ta motsa, ta karanta, ta rubuta, ta zana jadawalinta da layuka miƙaƙƙu kamar na injin.

Sakamako ya fito bayan wata uku. Ta samu kiredit, na ƙarshe-ƙarshe, wanda ake ci da kyar. Ta ce gwajin hannu ne ya ja ta ƙasa, kuma laifin mai sa ido ne da ya tsaya mata a ka. Ta sa an yi wa takardar firam, ta rataye ta a falo sama da hoton aurensu, ta ɗan matsar da hoton gefe don ya ba da wuri.

Bana ta ce kemistiri za ta rubuta. Ta riga ta aike ni in aro mata littafi, kuma ta fara tambayar abin da zai faru in aka haɗa ruwan batir da sabulun wanki. Da yamma sai na ga mijin ya kwashe jarkokinsa na mai da tsohon batirin motarsa daga bayan gida, ya kai su gidan ƙaninsa.